Turke Biyu da Kwandon Kaba: Yadda Muka Gyara Atisayen Korfbol a Wata Makaranta a Argungu

Ranar da na fara sa ɗalibaina mata su kara da juna a wasan korfbol, mun yi minti ashirin ƙwallo ko ɗaya ba ta shiga kwando ba. Ba wai ba su iya jifa ba ne. Makonni shida na yi ina koya musu, har akwai yarinyar da kan zura biyar a jere daga nisan taku shida. Amma da aka busa usur aka ce ga abokan hamayya, sai duk suka dunƙule wuri guda kamar kaji a kan tsaba. Mai riƙe da ƙwallo tana tsakiya tana juye-juye, sauran sun yi mata zobe suna miƙa hannu, kowa na "ba ni, ba ni". Ina bakin fili da usur a hannu, jikina ya yi sanyi. Abin da ya jawo haka, da abin da muka sauya, da inda muka tsaya yanzu, shi nake son in rubuta, ko wani malamin motsa jiki a Kebbi ko Zamfara zai ƙaru da shi.

Makarantarmu ta je-ka-ka-dawo ce, maza da mata, a cikin garin Argungu. Filinmu rairayi ne. In lokacin motsa jiki ya yi, maza su kwashi ƙwallon ƙafa su mamaye filin, 'yan mata kuwa su koma gindin dalbejiya su zauna har a kaɗa ƙararrawa. Wannan zaman ya daɗe yana damuna. Ƙwallon kwando irin ta Amurka tana son daɓen siminti saboda sai an riƙa buga ta da ƙasa, mu kuwa ba mu da shi. Ana haka na ci karo da korfbol a waya, a wani bidiyo na gasar duniya da aka yi a birnin Durban na Afirka ta Kudu a 2019. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ba wanda ke buga ƙwallo da ƙasa. Na ce to, ai wannan rairayinmu ba zai hana shi ba.

Wasan na 'yan Holan ne. Wani malamin makaranta a Amstadam, Nico Broekhuysen, ya ƙirƙiro shi a 1902 bayan ya ga wani wasa mai kama da shi a ƙasar Suwidin, kuma kalmar korf a harshensu kwando take nufi. An nuna shi a gasar Olamfik ta 1920 da ta 1928, an kafa hukumarsa ta duniya a 1933, an fara gasar duniya a 1978, wadda Holan ke lashewa kullum in ban da 1991 da Beljiyam ta ɗauka. Kowace ƙungiya mutum takwas ne, maza huɗu mata huɗu. Filin cikin ɗaki mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, an raba shi biyu: huɗu na kai hari a ɓangare guda, huɗu na tsaro a ɗayan, in an ci ƙwallo biyu sai su yi musanya. Kwandon yana kan turke mai tsawon mita 3.5, ba allo a bayansa, kuma turken ba a bakin layi yake ba, yana ciki da kimanin mita 6.67, don haka ana wasa har ta bayansa. Ba a gudu da ƙwallo, ba a fizge ta daga hannun mutum, ba a bangaza. Doka mafi girma kuwa, wadda ita ce ta kayar da ni daga baya, ita ce ba a jifa alhali ana tsare da kai. In mai tsaronka na kusa da kai har hannunsa zai iya taɓa ka, yana fuskantarka, ya fi ka kusa da turke, kuma yana ƙoƙarin tare ƙwallon, to ko ka jefa ta shiga ba ci ba ne, laifi ne.

Maganar haɗa maza da mata ita ta fara tasowa, kuma ban ɓoye ta ba. Da na kai wa shugaban makaranta bayani, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, ka san garin da muke." Na ce, "Ranka ya daɗe, a dokar wasan namiji namiji yake tsarewa, mace mace take tsarewa, ba a yarda ɗaya ya tare ɗaya ba." Ya ce duk da haka a kai gaban iyaye. A taron iyaye da malamai wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, ni ɗiyata ba ta tsalle-tsalle cikin maza. In su kaɗai ne, kuma da malama tsaye, na yarda." Mafi yawan iyayen a kan haka suka tsaya, ni ma ban ja ba, domin 'ya'yansu ne, kuma abin da nake nema shi ne 'yan matan su taso daga gindin bishiya. Aka raba: mata Litinin da Laraba tare da wata malama da ta ba da kanta, maza Talata da Alhamis. Na sani sarai abin da muke yi ba cikakken korfbol ba ne yadda masu shi suka tsara. Sai dai dokar "kowa ya tsare irinsa" tana da aiki a cikin wasan, don haka muka nemo mata madadi. A kowane ɓangare 'yan wasa biyu dogaye na ɗaura jan ƙyalle a damtse, biyu gajeru na ɗaura fari. Ja ja yake tsarewa, fari fari. Da wannan gajeriyar yarinya ta daina tsoron doguwa za ta rufe ta.

Kayan aiki ba su ci kuɗi sosai ba. Mai walda ya yanka mana bututun ƙarfe biyu, muka dasa su cikin tsofaffin tayoyi da siminti. Ɗaya ya kife da iskar farko, Allah ya kiyaye ba kowa a ƙarƙashi, daga nan muka haƙa rami muka binne guntun bututu mai faɗi, muna zura turken a ciki muna cirewa in an tashi. Faɗin bakin kwandon gaskiya santimita 39 zuwa 41 ne. Muka sa aka lanƙwasa zoben rodi daidai wannan awo da tef ɗin tela, wani mai saƙar kaba ya saƙa masa jiki marar gindi. Su ma can Holan da kwandon saƙa suka fara kafin na roba ya zo. Ƙwallon ƙafa mai lamba 5 muke amfani da ita, girmansu kusan ɗaya ne. 'Yan aji ɗaya kuma na rage musu turken zuwa mita 3. Kafin kowane horo sai an bi filin da tsintsiya saboda ƙarangiya da tsidau, domin rabin yaran ba takalmi suke wasa.

To, me na yi a makonni shidan farko? Layi na jera su. Mutum goma sha shida, layi biyu, kowa ta zo gaban turke ta jefa ta koma baya. Na koya musu jifan nesa: hannu biyu, yatsu a baje, manyan yatsu a bayan ƙwallo, gwiwa ta ɗan durƙusa, ƙwallon ta yi baka a sama ta sauko cikin kwando. Na koya musu jifan kutse, wanda ake shigowa a guje a karɓi ƙwallo a ɗago ta daga ƙasa da hannu biyu a aje ta a bakin kwando. Na koya musu fenariti daga mita 2.5. Layin yana da kyan gani, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba. Amma da na zauna bayan wancan wasan na yi lissafi, sai na ga a horon minti arba'in kowace yarinya ba ta fi minti uku tana motsi ba, sauran duk jiran layi ne. Mafi muni, ba ta taɓa jifa da wani a gabanta ba. Na koya wa hannu, ban koya wa ƙafa da ido ba. A wasan da aka hana gudu da ƙwallo, aka hana jifa in an tsare ka, mai riƙe da ƙwallo shi ne mafi ƙarancin iko a fili. Aikin duk yana wuyan mutum ukun da ba su riƙe da komai. Yaron Argungu da zai shiga kogin Matan Fada kamun kifi da gora da homa ba a tudu ake koya masa su ba, ni kuwa a tudu na ajiye su makonni shida.

Malama ce ta fara faɗa mini a fili. Ta ce, "Malam, yaran nan ba su san inda za su tsaya ba in ƙwallo ba ta hannunsu." Daga wannan magana muka rushe layin.

Atisaye na farko da muka kawo, yaran suka raɗa masa suna "ba da ki tashi". Muna zuba toka wuri biyar a ƙasa, mutum huɗu su tsaya a kan huɗu, ɗaya ya zama fanko. Duk wadda ta miƙa ƙwallo dole ta bar wurinta ta ruga zuwa fankon, wurin da ta bari ya zama sabon fanko. Ba a magana. Wadda ta ce "ba ni" ta fita na ɗan lokaci. In kina so, nuna tafin hannu a inda kike son ƙwallon ta same ki. Kwana biyun farko rikici ne, mutum biyu su yi karo a toka ɗaya. A mako na biyu muka saka mai tsaro ɗaya a tsakiya, sannan biyu, sai ga shi sun fara ɗaga kai suna duba fili kafin ƙwallo ta iso.

Na biyu shi ne zuciyar aikin, kuma a kansa muka fi ɓata lokaci. Muna kiransa "inuwa". Mutum biyu, ba ƙwallo. Ɗaya na kai hari, ɗaya na bin ta kamar inuwarta, bayanta na kallon turke, tazarar hannu ɗaya tsakaninsu. Daƙiƙa ashirin mai hari na ƙoƙarin yakice ta da sauya gudu da sauya hanya, sai a yi musanya. Da suka saba, muka tsayar da ta uku a gindin turke da ƙwallo, ita ce mai miƙo. A nan ne jifan nesa da jifan kutse da na koyar a rarrabe suka haɗu da wani jifa na uku suka zama abu ɗaya, domin kowanne amsa ne ga abin da mai tsaro ta yi. In ta ja baya ta ba ki fili don tsoron kada ki wuce ta, karɓi ƙwallo ki yi jifan nesa. In ta matso ta manne miki don ta hana jifan nesa, wuce ta a guje zuwa turke ki yi jifan kutse. In kin taso a guje ita ma ta juya ta bi ki da ƙarfi, sai ki taka birki ki kauce gefe, ki karɓa kina ja da baya, ki jefa kafin ta dawo. Wannan na ukun shi muke kira jifan kauce, kuma shi ya fi wuya, saboda nauyin jiki kan koma kan ƙafa ɗaya. Na daina gaya musu wane jifa za su yi. Tambaya ɗaya nake yi bayan kowane zagaye: "Ina mai tsaronki take lokacin da kika karɓa?"

Akwai wata 'yar aji biyu, siririya, marar magana, wadda a zamanin layi ba ta cikin masu iya jifa. A mako na uku na inuwa na ga ta yi abin da ban koya wa kowa ba. Ta taho a hankali kamar ta gaji, hijabinta na kaɗawa, ta ɗan ɗaga hannu biyu kamar mai shirin karɓa don jifan nesa. Mai tsaronta ta zaburo gaba da hannu a sama. Kafin ƙafar waccan ta sauka ƙasa, yarinyar ta sulale ta gefen hagunta, mai miƙo ta sakar mata ƙwallo daidai ƙirji, taku ɗaya ta ɗago ta, kabar kwandon ta yi ƙara ƙwallon ta faɗo ta ƙasa. Filin ya ɗauki sowa. Na tambaye ta yadda aka yi, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ƙahwarta nika kallo, ba hannunta ba." Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya kalli ƙafar mai tsaro. Wadda nauyinta ya tafi gaba ba ta iya juyawa da wuri.

Don tsayuwa a ƙafa ɗaya ban nemi wani atisaye daga waje ba. Langa muke yi minti biyar kafin a fara, maza da mata kowa a ranarsa. Wanda ya iya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle ana ture shi bai faɗi ba, jifan kauce ba zai kayar da shi ba.

Sai tsinto. Da yake ba allo a bayan kwando, ƙwallon da ta kuskure tana iya faɗawa ko'ina a kewayen turke, kuma a matakinmu wadda ke kuskurewa ta fi wadda ke shiga yawa nesa ba kusa ba. Ƙungiyar da ke tsintar ƙwallonta ita ke samun jifa na biyu da na uku. Muna tsayar da mutum biyu a gindin turke, ta uku na jifa daga wurare daban-daban, maki na wadda ta cafe ne. Ba turi, ba riƙe riga, wuri ake riga mutum tsayawa. Da kansu suka gano cewa jifan da ya zo da ƙarfi yawanci bayan turke yake faɗawa, suka daina cunkusuwa a gaba.

Da waɗannan suka zauna sai muka koma huɗu da huɗu a turke ɗaya. Farko duka huɗun su bazu a kewaye. Ɗaya ta shiga gindin turke ta zama mai tsinto, uku na waje. In an samu dama wata ta shigo gaban turke ta zama mai miƙo, biyu na waje su ne masu neman ci. A manyan gasa akwai agogon daƙiƙa 25 da dole ƙwallo ta taɓa kwando kafin ya cika, mu kuwa malama ce ke ƙirgawa da baki. A nan na sake yin kuskure guda. Na sa dokar cewa sai kowa ta taɓa ƙwallo kafin a jefa, da nufin hana son kai. Bayan mako biyu na lura yarinya na samun kanta ita kaɗai a gaban kwando amma ta juya ta ba da ƙwallo baya don cika doka. Na koya musu su ƙi damar da wasan gaba ɗaya yake nema. Na soke dokar, na maye ta da wata: in kika samu fili ba ki jefa ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya.

Wajen maza matsalar daban ce, kuma gaskiya sun fi ba ni wahala. Ƙwallon ƙafa ta saba musu da cewa gwani shi ne mai yanka mutum uku shi kaɗai. Suna karɓa sai su ɗiba a guje, ko su kai wa ƙwallon hannun wani wawura. Ɗan gaban ƙungiyar makaranta ya yi fushi a mako na biyu, ya ce, "Malam, wanga wasa ba shi barin mutum shi nuna kainai." Ya tafi, ya yi kwana goma, ya dawo da kansa ranar da ya ga abokansa na inuwa suna haki. Da su sai da na ƙara atisayen tsayawa: a guje ka karɓa, ka tsaya cak, ka kafe ƙafa ɗaya ka juya a kanta. Musanyar da ake yi bayan ƙwallo biyu ita ta fi gyara su, domin wanda ya ci yanzu, an jima shi ne mai tsaro, ba inda zai ɓuya.

Yanayi ma ya sa hannu a tsarin. Da hunturu iska na kwashe jifan nesa, sai mu karkata ga kutse da fenariti, mu riƙa juya atisayen yadda kowa zai ɗanɗani jifa da iska a fuska da a baya. Da bazara, Maris zuwa Afrilu, rairayi na ƙona tafin ƙafa, ba ma fita sai bayan la'asar, da tulun ruwa a inuwa, ana hutawa duk minti goma. Da azumi fenariti da miƙa ƙwallo a tsaye kawai muke yi. Lokacin yankan shinkafa a fadama kuwa rabin maza ba sa zuwa, sai mu yi uku da uku. Rauni ɗaya muka samu, targaɗe a yatsa, wata ta tari ƙwallo da yatsu a tsaye. Na raka ta gida da kaina na yi wa mahaifiyarta bayani, na ce, "Inna, a yi haƙuri, laifin koyarwata ne." Washegari muka koma kan karɓa: hannu biyu a buɗe kamar mai karɓar ƙwaryar fura, a janyo ƙwallon zuwa ƙirji.

Bayan makonni takwas da sabon tsari muka sake wasan cikakken fili, takwas da takwas. Dunƙulewar nan ta tafi. An ci ƙwallaye a ɓangarorin biyu, yawancinsu da kutse, kuma sau da dama na busa laifin jifa a tsare, wanda ya nuna mini masu tsaro sun fahimci aikinsu. Jifan nesa ya ɗan ja baya idan aka kwatanta da zamanin layi, wannan ba zan musa ba, don haka na dawo da shi minti bakwai a farkon horo, amma bibbiyu, ɗaya na jifa ɗaya na tsinto, ba jira. Tsaro har yanzu da saura: suna bin ƙwallo da ido su manta da mutum, sai a wuce ta bayansu. Ƙwallo biyu kacal gare mu, ɗaya ma ta fara sacewa, kuma ba wata makaranta kusa da za mu kara da ita, sai junanmu. Malama ta yi magana da wata ƙawarta da ke koyarwa a Birnin Kebbi, ta ce za ta zo ta ga yadda ake inuwa. Na riga na kai wa mai walda awon turke na uku, mai kaba kuma ya ce kwandon zai kammala kafin Laraba.